Abin Da Aka Zubar Na Wane Ne?

Akwai wata tambaya wadda masu hankali suka sha bamban a kanta, ita ce wannan: idan mutum ya zubar da abu ya juya baya, shin abin nan ya fita daga wuyansa ke nan, ko kuwa yana nan nasa har ranar da ya daina cuta? In kuɗi ne suka faɗi a hanya, ba a rasa mai cewa nasa ne. Amma in ƙazanta ce, sai ka ga kowa ya noƙe, ta zama marainiya.

Wanda ya tashi daga tashar motar Television, a kudancin Kogin Kaduna, ya bi hanyar Kachiya ya wuce Sabon Tasha, ba zai yi nisa ba sai ya hango dogayen hasumiyoyin matatar mai, kusa da Rido. Wani kamfanin Japan mai suna Chiyoda ya gina ta, aka buɗe ta a 1980. An yi ta ne don tace ganga 100,000 kowace rana, a 1986 aka ƙara ta kai 110,000. Ɗanyen man kuwa ta cikin bututu aka shirya ya riƙa zuwa tun daga Warri.

To, abin da galibin mutane ba su sani ba shi ne, tatar mai aikin ruwa ne ƙwarai. Ɗanyen mai yakan zo da gishiri, sai an wanke shi da ruwa tukuna, don kada ya cinye ƙarfe. Ana dafa shi, ana hura masa tururi, ana kuma sanyaya shi da ruwa. Ruwan da ya gama wannan hidima ba ya fita yadda ya shiga: yakan ɗebo maiƙo, da farar wuta, da waɗansu dafi masu wuyar suna. Saboda haka kowace matata akan gina mata wurin wankin ruwa. Da fari a tara shi a manyan kwatarniyoyi, mai ya taso sama a yaɗe shi. Sa'an nan a hura iska ta ɗago ragowar. Daga nan a sake shi ga waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su cinye abin da ya saura. Laka mai baƙi ta kwanta a ƙasa, ita kuma sai an nema mata makwanci. In duk wannan ya tafi daidai, ruwa ya fita da sauƙin cuta. In famfo ɗaya ya mutu aka yi sakaci, ruwan ba ya jira a gyara, gangarawa zai yi.

Mafitarsa a Kaduna kuwa ita ce rafin Romi. Rafin nan ya ratsa ƙauyuka da unguwannin kudancin gari kafin ya faɗa Kogin Kaduna, shi kuma ya nausa ta Zungeru har ya sadu da Kwara a ƙasar Nufe. A bakinsa akwai masu lambu da rani, da masunta, da makiyaya, da mata masu wanki. Ba wanda ya shawarce su ran da aka zana taswira.

Kakanninmu sun san wannan magana tun tana ƙarama. In rariyar gidanka ta malala ƙofar maƙwabci, mai unguwa zai kira ka, kuma ba za ka ce ai ruwan ya riga ya bar gidana ba. Zamanin En'e ga duba-gari yana bi lungu-lungu. Malamai kuma sun koya mana tun muna yara cewa ruwa ana gane lafiyarsa da abu uku, watau launi da ɗanɗano da wari. Wannan ma'auni ya isa a zamanin da ƙazanta ba ta wuce ta marina da majema ba. Amma fa dafin zamani ya fi shi wayo. Dalma tana iya narkewa cikin ruwa, ruwan kuwa garau, ba wari ba ɗaci. Mutum ya sha shekara goma, ya kwanta ciwo, ba shi da shaidar da zai kai gaban alƙali. Ni a ganina wannan bai rage nauyin mai zubarwa ba, ƙara shi ya yi. Da, wanda aka cuta shi ne mai gadin kansa, hancinsa ya ishe shi. Yanzu kuwa sani yana hannun mai zubarwa shi kaɗai, shi ke da ma'auni, shi ke da ɗakin gwaji. Wanda ya san ramin, shi ke da alhakin makahon da ya faɗa.

Wani zai ce, ai amfanin jama'a ya fi na mutum ɗaya. Matatar nan ta ba dubban mutane aiki, ta ba Arewa fetur da kananzir da kwalta, unguwannin kudancin Kaduna sun cika sun batse a dalilinta da masaƙun Kakuri. Don lambun mutum hamsin sai a hana miliyoyi? Maganar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Amma duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san ba a cewa an ci riba sai an rubuta dukan abin da aka kashe. Kuɗin wanke ruwa yana cikin kuɗin tatar mai, kamar yadda kuɗin itace yake cikin kuɗin tuwo. In ba a biya shi a ma'aikata ba, lalle an biya shi a wani wuri: mai lambu ya biya da alayyafonsa, masunci da kifinsa. Ba amfanin jama'a ya rinjayi na mutum ɗaya ba ke nan, haraji ne aka ɗora wa talaka ba tare da an ba shi rasit ba.

Ƙasar nan ta taɓa amsa tambayarmu da bakinta. A 1988 aka gano dubban gangunan dafi da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko, can bakin teku. Gwamnati ba ta karɓi cewa kaya sun riga sun bar hannun masu su ba, ta tilasta aka kwashe aka mayar, ta kuma kafa doka mai tsanani a shekarar. To, hukuncin da muka yanka wa baƙo, ina dalilin da zai sa mu sassauta wa kanmu? A 2012 mutanen Rido suka kai kuka cewa an zubar musu da sharar matata kusa da gari, hukumar matatar ta musa. Ita matatar ta yi shekaru ba ta tace mai ba, har a 2023 aka ba kamfanin Daewoo aikin gyara ta, amma tsayawar inji ba ta wanke abin da ƙasa ta riga ta sha. A ƙasar Ogoni, masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta a 2011 cewa gyaran ɓarnar mai zai ci shekara 25 zuwa 30.

Kada kuma mu tsaya nuna babba da yatsa. Bakaniken da ya juye baƙin mai a lambatu, da direban da ya wanke tankarsa a bakin rafi, hujjarsu ɗaya ce da ta babbar ma'aikata: ruwa zai tafi da shi. Bambancin yawa ne kawai. Baƙin man nan kuwa yana da masu saye, ana shafa wa katako don gara, ana kuma iya sake tace shi. Abin da ake bukata tsohuwar ganga ce guda a ajiye a gefen gareji, da wanda zai zo ya ɗauka in ta cika.