Ko Gwamnati Tana da Ikon Toshe Kunnen Talaka?

A Kurfi, in an sauko daga sallar lisha, akan tarad da dattawa a ƙofar gida sun kewaye akwatin rediyo suna sauraron labarin duniya. Tun 1957 BBC take magana da Hausa daga Landan. To, ko ya halatta gwamnati ta tsaya tsakanin akwatin nan da kunnen mai shi?

An taɓa yin haka. Daga 1948 Rasha ta kafa manyan injuna masu watsa ƙara a kan zangon da Muryar Amurka take magana, sa'an nan ta haɗa da BBC. Mutum ya murɗa akwatinsa ba ya jin komai sai gurnani. Ba ta daina duka ba sai 1988. Kusa da mu kuma, a 2023 Nijar ta dakatar da Rediyon Faransa, a Disamba 2024 ta dakatar da BBC wata uku, ta hana gidajen rediyon ƙasar sa shirinta, har na Hausa da 'yan'uwanmu na Maraɗi suke ji.

Hujjar hukuma ita ce baƙi suna baza ƙarya lokacin da ƙasa ke fama da 'yan bindiga. Wannan ba maganar banza ba ce, gama labarin ƙarya yakan ta da gari. Amma alƙali ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin kowane ɓangare. In baƙo ya yi ƙarya, gwamnati tana da gidan rediyonta, sai ta fito da shaida ta ƙaryata shi. In ta toshe shi, mutane sai su ce akwai abin da ake ɓoyewa, su koma jita-jitar kasuwa, wadda ba ta da mai ita balle a tuhume shi.

Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin jawabinta na haƙƙin ɗan'adam na 1948, sashe na 19, ta ce kowa yana da ikon neman labari da karɓarsa ko daga wace ƙasa ya fito.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku tuna abin da ya kai ku aji: kuna so ku karanta wasiƙarku da kanku, kada wani ya tsallake muku abin da ya ga dama. Haka zancen rediyo yake. A bar mutum ya ji, ya auna da hankalin da Allah ya ba shi. Ku kuma in kun ji labari, ku bincika kafin ku kai gaba.