SHIN HALI ZANEN DUTSE NE?

Magabata sun ce hali zanen dutse ne, ba mai iya shafe shi. Mun taso muna jin wannan karin magana, mun kuma sha fakewa da ita duk lokacin da muka gaji da wani ɗan'uwa mai wuyar sha'ani. To, ga shi yanzu likitocin ƙwaƙwalwa a Turai da Amurka suna gwada wata na'ura da ake ɗora wa mutum a ka, ba yanka ba allura, domin ta sassauta wani ciwo wanda a idon jama'a ya fi kama da mugun hali. Idan har maganaɗisu zai iya rage fushin mutum, ina matsayin lamiri, mene ne kuma ya rage na alhakin ɗan Adam a kan ayyukansa?

Ciwon da muke magana a kai shi ne wanda likitoci suke kira ciwon hali na kan iyaka. Wani likita a Amurka, Adolph Stern, shi ne ya yi amfani da wannan suna a 1938, domin yana ganin masu ciwon suna tsaye ne a kan iyaka tsakanin damuwa da taɓin hankali. A 1980 aka shigar da shi cikin babban kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka. Ana ƙiyasta cewa yana kama mutum 1 zuwa 2 cikin 100. Mai shi yana zaune cikin fargabar za a yashe shi. Wanda ya ɗauka tamkar mala'ika da safe, kafin yamma ya zama abokin gaba. Fushi yakan taso masa kamar wutar kara, ya yi ɓarna, sa'an nan ya koma yana ƙyamar kansa, har ya kai ga yanka jikinsa ko neman kashe kansa. Da yawa daga cikinsu sun sha azaba ko rashin kula tun suna yara. Har yau babu wani ƙwayar magani da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi musamman domin wannan ciwo.

Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a cikin masu ciwon, wani ɗan sashe da ke can ciki mai suna amigdala, wanda yake kaɗa ƙararrawar tsoro, yakan yi saurin tashi, alhali sashen goshi, wanda aikinsa ne ya ja linzami, ba ya riƙewa yadda ya kamata. Nan na'urar ta shigo. A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a birnin Sheffield na Ingila suka nuna cewa naɗin waya mai fitar da bugun maganaɗisu yana iya zaburar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta cikin ƙoƙon kai. Bugun bai wuce zurfin 'yan santimita kaɗan ba, saboda haka ba ya isa amigdala. Sashen goshi ake zaburarwa, da fatan shi kuma ya ƙarfafa linzamin. Akwai hanya ta biyu, inda ake manna 'yan faifai biyu a ka, a ratsa wutar lantarki mai rauni ƙwarai, miliamfiya 1 zuwa 2, na kimanin minti 20. Majinyaci yana zaune ido biyu, in an gama ya tashi ya tafi gida. Abin da aka fi kuka da shi ciwon kai ne, ko da yake bugun maganaɗisu yakan jawo farfaɗiya nadiran.

A 2008 Amurka ta amince da maganaɗisun domin ciwon baƙin ciki mai tsanani. Amma ga ciwon kan iyaka, har yanzu gwaji ne. An yi ƙananan bincike a Faransa da Meziko da Italiya, kowanne da 'yan gomomin majinyata ko ƙasa da haka, wasu sun nuna raguwar fushi da gaggawar aikata abu ba tunani. Wannan abin ƙarfafa zuciya ne, sai dai bai kai hujja ba, kuma duk wanda ya sayar da shi a matsayin tabbataccen magani ya ci amanar marasa lafiya.

Kuskure biyu muke gani a nan. Na farko shi ne na wanda zai ce wannan duka taurin zuciya ne, tuba kawai ake bukata. Koyarwar Ikkilisiya ba haka take ba. Katikizim na 1992 ya bayyana cewa tsoro, da sabo, da larurar tunani suna iya rage alhakin mutum, har ma su kawar da shi, kuma ya faɗi haka game da masu kashe kansu. Waliyi Toma Akwinas ya koyar cewa rai da jiki ba maƙwabta biyu ba ne da ke haya a gida ɗaya, mutum guda ne. In haka ne, ba abin mamaki ba ne raunin wani sashe na ƙwaƙwalwa ya nauyaya wa mutum aikin haƙuri, kamar yadda karayar ƙafa take hana mai niyyar zuwa sujada isa da wuri. Ba ma zargin mai ɗingishi da lalaci.

Kuskure na biyu ya fi dacewa da zamaninmu, wato a ce tun da na'ura tana taɓa hali, ashe hali ba kome ba ne sai wayoyi da lantarki. Amma a lura da abin da na'urar take yi in ta yi aiki. Tana ƙara wa mutum ɗan lokaci tsakanin tasowar fushi da ɗaga hannu. Abin da zai yi da wannan ɗan lokaci, ko ya nemi gafara, ko ya fita ya sha iska, ko ya rama da sanyin rai, na'ura ba ta da ta cewa a ciki. Shi Akwinas ɗin ya ce nagarta sabo ce da ake samu ta maimaita aikin kirki, kuma ba a taɓa ƙera injin da zai maimaita wa wani aikinsa ba. Shi ya sa jiyyar da ta fi samun shaida har yau ita ce ta magana da horo, irin wadda Marsha Linehan ta tsara ta kuma wallafa a 1993, inda ake koya wa majinyaci jure ɓacin rai da zama da mutane, mako bayan mako. A 2011 ta bayyana wa duniya cewa ita ma an kwantar da ita fiye da shekara 2 a asibitin ƙwaƙwalwa tana budurwa, tana yanka jikinta. Wani dogon bincike na asibitin McLean a Amurka, wanda ya bi majinyata 290, ya samu cewa cikin shekara 10 kashi 93 cikin 100 sun sami sauƙin alamomin na aƙalla shekara 2, ko da yake kimanin rabi ne kaɗai suka kai ga riƙe aiki da zumunci sosai. Ashe dutsen yana shafuwa, amma a hankali.

Saura batun yarda, kuma nan ne hankalinmu ya fi tashi. Tarihi yana da tabo a wannan fanni. Tiyatar yanke jijiyoyin goshi, wadda ta ba Egas Moniz na Fotugal lambar Nobel a 1949, ta kwantar da dubban mutane ta hanyar dushe su, kuma sau da yawa sauƙin masu jinya aka duba fiye da na majinyaci. A watan Satumba na 1952 Paparoma Pius na 12 ya gargaɗi taron masana jijiyoyi a Roma cewa ko majinyaci da kansa ba shi da ikon miƙa kansa ga jiyyar da za ta rushe 'yancinsa na mutum. Maganaɗisu ba ya yanka kome, ba ma ganin ya faɗa ƙarƙashin wannan hani, muddin manufarsa ita ce mayar wa mutum linzaminsa. Amma mai wannan ciwo, wanda babban tsoronsa shi ne a rabu da shi, zai sa hannu a kan kowace takarda in miji ko uwa suka ce masa, in ba ka yi ba mun gama da kai. A takarda wannan yarda ce, a gaban lamiri kuwa tilas ce. Ya wajaba likita ya gana da shi shi kaɗai, ya gaya masa cewa jiyyar gwaji ce, cewa yana iya dainawa a kowace rana, kuma ƙin yarda ba zai sa a sallame shi daga sauran kulawar da ake ba shi ba.