Makaho Da Jagoransa: Ko Tilas Tana Haifar Da Amana?

Masu iya magana na cewa sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. Wannan magana ce ta faɗo mini a rai sa'ad da na kasa kunne ga wani wasan kwaikwayo na ban tsoro mai suna Malevolent, irin wanda ake saurare ta intanet, murya zalla babu hoto. Wani ɗan ƙasar Kanada, Harlan Guthrie, shi ya fara shi a shekarar 2020, shi ke rubutawa, kuma shi ke yin muryoyin 'yan wasan.

Labarin ya faru ne cikin 1934 a Arkham, wani ƙagaggen gari na Amurka da aka aro daga littattafan H. P. Lovecraft. Wani mai binciken sirri, Arthur Lester, ya farka ya iske ba ya gani, ga gawar abokin aikinsa yashe a ƙasa, ga kuma wata murya a cikin kansa wadda ta ƙwace masa idanu. Daga nan duk inda zai sa ƙafa sai muryar ta gaya masa abin da ke gabansa. Daga baya ta ɗauki sunan John.

Abin mamaki shi ne, masu ƙaunar wannan wasa ba dodannin ciki suka fi ɗauke musu hankali ba, sai dai zaman da ke tsakanin waɗannan biyu: faɗansu, da shiryawarsu, da yadda kowannensu ke tsoron rasa ɗan'uwansa. To, a nan tambaya ta taso. Shin ya halatta a kira wannan abota? Ai John ɓarawo ne, shi ya makantar da Arthur sa'an nan ya zama jagoransa, ya kuma sha ɓoye masa gaskiya. Arthur kuwa ba shi da zaɓi, don tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Wani zai ce wanda ya yaba irin wannan zama ya yaba wa zalunci ne kawai.

Wannan hujja tana da ƙarfi, ba kuwa zan raina ta ba. Amma mai karatu, ka dubi rayuwarka. Wa ya zaɓi iyayensa, ko waɗanda suka sha nono ɗaya? Yawancin dangantakar ɗan Adam da larura take farawa. Abin dubawa shi ne abin da mutum ya yi a inda larurar ba ta kai ba. Larura za ta sa jagora ya ce wa makaho ga rami, domin in ya faɗa tare za su faɗa. Amma ba za ta sa makaho ya buɗe wa jagora cikinsa ba. Ranar da Arthur ya gaya wa John yadda 'yarsa Faroe ta nutse a ruwan wanka alhali hankalinsa na kan kiɗa, babu abin da ya tilasta masa, makami ne ma ya miƙa wa wanda zai iya soke shi da shi. A ganina nan ne amana ta fara. Ba ta wanke laifin farko ba, amma ta ɗora wa John nauyin da a da ba ya ɗauke da shi, kuma da wannan nauyi ne muke auna shi duk sa'ad da ya sake yin ƙarya.

Ya ku 'yan'uwana marubuta, musamman masu tasowa, akwai darasi a nan. Sau da yawa mukan cika labari da aljanu da ƙoƙon kai da kukan mujiya, sa'an nan mu yi mamakin yadda mai karatu ke hamma. Dalili kuwa shi ne, mutum ba ya jin tsoro sai yana da abin da yake gudun ya rasa. Kafin ka saki dodo, fara ba mu mutum biyu da za mu ƙi jinin a raba su, ka kuma nuna mana abin da kowannensu ya biya kafin ya yarda da ɗayan. In ka yi haka, ko motsin ƙyaure ya isa ya hana mu barci.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.