Tsakanin Gori da Kunya: Shin Sadakar Gwanjo Tana da Amfani?

Gabatarwa

Ana saura kwana uku in tsaya gaban malamai in kare kundin digirina, na shiga kasuwar Ƙofar Wambai a Kano neman rigar da zan sa. Aljihuna bai kai na sabuwa ba, don haka na nufi layin 'yan gwanjo. Na yi sa'a wani dattijo ya fasa dila da safiyar nan. Na zaro wata fara mai dogon hannu, na taya, ya dube ni ya ce, "Albarka, ɗana. Wannan zaɓin farko ce, ƙara wani abu." Na ƙara, ya sallama. Sai da na je wanke ta a gida na ga wata 'yar takarda maƙale a cikin wuyanta, ɗauke da tambarin wani shagon agaji na Ingila, an rubuta fam 3 da biro.

Takardar nan ta ba ni tarihin rigar a taƙaice. Wani mutum ya bayar da ita kyauta domin a taimaki mabuƙata. Shagon ya rataye ta a kan fam 3, ba ta sami mai saye ba. Daga nan aka ɗaure ta cikin dila, ta ƙetaro teku, ta bi hannun dillalai har ta iso gare ni, ni kuma na biya kuɗi. Tun ranar nake tambayar kaina: sadakar mutumin nan ta isa inda ya nufa kuwa? Kuma shin wannan tsari na bayar da tsofaffin tufafi da sayen su ta hanyar shagunan agaji abu ne da ya cancanci yabo? Ra'ayina shi ne, sayen gwanjo yana da amfani kusan a kowane hali, amma amfanin bayar da shi yana da sharaɗi, kuma sharaɗin yana wuyan mai bayarwa.

Asalin Shagon Agaji da Hanyar da Riga Take Bi

Shagon agaji ya fi kafuwa a Birtaniya. Ƙungiyar Oxfam, wadda aka kafa a 1942 domin agaza wa mutanen Girka da yunwa ta addaba lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta buɗe shagonta na farko a titin Broad na birnin Oksfod a ƙarshen shekarun 1940. Dabarar mai sauƙi ce. Jama'a su kawo abin da suka daina amfani da shi, 'yan sa-kai su tantance su sa farashi, a sayar, a yi aikin taimako da kuɗin. Yau akwai dubban irin waɗannan shaguna a ƙasar, wasu na tara kuɗin binciken cutar daji, wasu na ciwon zuciya, wasu na marasa muhalli.

Abin da yawancin masu bayarwa ba su lura da shi ba shi ne, kayan da ake kawowa sun fi ƙarfin shagunan nesa ba kusa ba. Kaso kaɗan ne ake sayarwa a kan kanta. Ragowar ana sayar wa 'yan kasuwa da awo, su rarraba bisa daraja, su matse cikin diloli, su loda a jiragen ruwa zuwa Gabashin Turai da Asiya da Afirka. A Nijeriya doka ta haramta shigo da gwanjo, amma duk wanda ya san Ƙofar Wambai ko Katangowa ta Legas ya san dokar tana kan takarda ne. Mafi yawan kayan suna sauka a tashoshin ruwa na maƙwabta irin su Kwatano, sannan su shigo ta kan iyaka. Ke nan rigar da ta fara tafiyarta a matsayin sadaka takan ƙare a matsayin haja. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne, tunda kuɗin awon ma aikin agaji suke shiga. Matsalar tana wani wurin.

Gori da Kunya

Bahaushe bai jira Oxfam ba kafin ya san darajar tsohuwar riga. Muna da kwance. Wa yakan kwance wa ƙane, uwar ɗaki ta kwance wa 'yar ɗakinta, attajiri ya fitar da kaya gabanin salla ya raba wa maƙwabta. A irin wannan kyauta mai bayarwa yana ganin fuskar mai karɓa, kuma ganin fuskar nan yana haifar da abu biyu, ɗaya mai kyau, ɗaya mummuna.

Mummunan shi ne gori. Wanda ya taɓa sa kwancen wani ya shiga taro, mai rigar kuma yana wurin, ya san nauyin da ke kan kafaɗarsa ya wuce na yadi. Ko mai rigar bai ce uffan ba, kallo ya isa. Akwai ɗan ajinmu a sakandare da ya daina sa wata shadda mai kyau tun ranar da wani ya ce masa, cikin raha, ya san asalin mai ita. Mai kyaun kuwa ita ce kunya. Ba za ka iya duban idon maƙwabcinka ka miƙa masa riga yagaggiya mai wari ba. Dole ka wanke, ka goge, ka ninke, ka zaɓi wadda ba za ta zubar maka da mutunci ba. Kunya ce take tsare ingancin kyautar.

Abin da shagon agaji ya yi shi ne ya raba fuskokin nan biyu, ya sa kanta a tsakani. Ta haka ya kashe gori, kuma wannan babbar nasara ce. Wanda ya shiga shagon ya sayi riga a kan fam 3 mai saye ne, yana da ikon zaɓe da ikon ƙi, ba wanda zai tare shi gobe ya tuna masa. Ni ma da na tsaya gaban malamaina cikin farar rigar nan, ba na ɗauke da bashin godiyar kowa. Kuɗina na biya.

Sai dai wuƙar da ta yanka gori ita ce ta yanka kunya. Mutumin da zai ɗaure kaya a baƙar leda ya ajiye a ƙofar shago da dare ba ya tsoron idon kowa. Yana iya cusa abin da ya kamata ya tafi juji, ya juya yana jin ya yi aikin lada. Ma'aikatan irin waɗannan shaguna sun daɗe suna kokawa kan kayan da ake kawo musu masu datti ko lalatattu, waɗanda sai sun kashe kuɗi kafin su rabu da su. Musulunci ya yi gargaɗi a kan wannan hali a aya ta 267 ta Suratul Baƙara, inda aka hana mutum ya ware marar kyau daga dukiyarsa ya ce shi ne na ciyarwa, alhali da shi aka miƙa wa ba zai so ba. Ko ba a kawo addini ba, hankali ya yarda cewa wanda ya ba ka shararsa bai yi maka kyauta ba, aikin kwasa ya ɗora maka.

Inda Sharar Take Sauka

Wanda yake son ganin ƙarshen wannan rashin kunya ya dubi kasuwar Kantamanto ta birnin Ankara a Ghana, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya. Mutanen can suna kiran kayan da sunan da ke nufin tufafin mataccen Bature, domin da farko ba su yarda mai rai zai rabu da kaya masu yawa haka ba. Gidauniyar Or, wadda take aiki a kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ne ke shigowa duk mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta ƙasar ta musanta, ta ce sharar ba ta kai haka ba. Ko da wane adadi aka ɗauka, tsummokaran da suka toshe magudanan ruwa, suka nannaɗe cikin yashin bakin teku, kowa yana ganin su.

Ƙaramin ɗan kasuwa yana sayen dila ne a rufe, bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya. In ya dace ya ci riba, in ya tarar da tarkace bashi ya hau kansa. Masu dakon dilolin kuwa, mata ne da 'yan mata, yawancinsu daga arewacin Ghana, da ake kira kayaye, sunan da rabinsa kalmarmu ce ta kaya. Suna ɗaukar dila mai nauyin kilo 55 a ka, abin da ke lahanta wuya da gadon baya. A farkon watan Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar, dubban mutane suka rasa jarinsu a dare ɗaya. Waɗannan su ne fuskokin da mai baƙar leda bai taɓa gani ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne sauyin irin tufafin da ake ɗinkawa. Kamfanonin tufafin yayi suna fitar da sababbin samfura ba ƙaƙƙautawa, da yadin roba mai arha wanda ba ya jure wanki, ba ya kuma ruɓewa in an jefar. Arhar nan tana da masu biyan ta. A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, ya kashe mutum 1,134, mafi yawansu masu ɗinka irin waɗannan kaya. Idan shagon agaji ya zama ƙofar baya da mutum yake fitar da na jiya domin ya sami wurin ajiye na gobe, to ya zama mataimakin almubazzaranci, ko da niyyar masu shi tana da kyau.

Shin Gwanjo ne Ya Kashe Masaƙunmu?

Akwai masu cewa a rufe harkar baki ɗaya, domin ita ta durƙusar da masana'antun tufafi na Afirka. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har unguwar Kakuri ta zama matattarar dubban ma'aikata. Yau galibinsu kufai ne. Amma ɗora wa gwanjo laifin duka zalunci ne. Rashin wutar lantarki, faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, tsufan injina, da kwararowar atamfa mai arha daga Sin ta ɓarauniyar hanya, duk sun fi shi yin ɓarna. Atamfa da shadda masaƙunmu suka fi saƙawa, gwanjo kuwa shat da wando da rigar sanyi ya fi kawowa.

Ƙasar Ruwanda ta gwada hanyar taƙaitawa. A 2016 ta ɗaga harajin gwanjo daga senti 20 zuwa dala 2.50 a kowane kilo domin ta raya masaƙunta. Amurka, bisa ƙorafin masu fitar da gwanjo na ƙasarta, ta mayar da martani a 2018 da janye wa tufafin Ruwanda rangwamen haraji na yarjejeniyar AGOA. Kenya da Uganda da Tanzaniya, waɗanda aka faro shirin tare da su, sun ja da baya. Wannan ya nuna cewa harkar ta wuce tausayi, ciniki ne mai masu kare shi. Ya kuma nuna cewa hani kafin a samar da madadi talaka yake fara cutarwa. Uwar da take neman rigar sanyin 'ya'ya huɗu a tsakiyar hunturu ba za ta iya jiran a farfaɗo da Kakuri ba.

Hukuncin Mai Saye

Game da saye, hujja ta fi fitowa fili. Ƙiyasin da aka fi ambato shi ne, riga ɗaya ta auduga tana cin ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa kanti. Rigar da aka riga aka ɗinka ta gama cin nata. Duk wanda ya sa ta shekara biyu a maimakon ya sayi sabuwa ya rage ɓarna, ya kuma ciyar da jerin mutane: mai shago, mai dako, mai wanki da guga, da telan da ke rage wuya da ƙafa a bakin kasuwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Sharaɗi ɗaya ne a kan mai saye, wato gwanjon ya tsaya a madadin sabuwa. Wanda arha ta ruɗa ya kwashi goma alhali biyu yake buƙata, ya koma cikin cutar da ake gudu.

Kammalawa

Amsar tambayar ita ce, tsarin yana da amfani, amma ba a auna amfanin a hannun mai bayarwa, sai a inda kayan suka sauka. Tunda shagon agaji ya ɗauke fuskar mai karɓa, wajibi ne mai bayarwa ya dawo da ita cikin zuciyarsa. Kafin ya sa riga a leda ya tambayi kansa: zan iya miƙa wa ƙanena wannan hannu da hannu ba tare da na sunkuyar da kai ba? In zai iya, ya wanke ya bayar. In ba zai iya ba, shara ce, ya nemi inda ake sarrafa tsumma. Su kuma shagunan, haƙƙi ne a kansu su gaya wa jama'a inda ragowar kayan ke zuwa, kamfanonin da suka ɗinka kayan kuma su ɗauki wani kaso na kuɗin kwashe su a wurare irin Kantamanto. Wannan magana ta shafe mu a nan gida, musamman yanzu da matasa suke tara tufafi domin 'yan gudun hijira da marayu a watan azumi. Na taɓa taya irin wannan aiki, na ga buhun da rabinsa bai ko isa a goge takalmi da shi ba.

Farar rigar nan tana nan, ta shekara biyu a hannuna, wuyanta ya fara saki. Ban san wanda ya bayar da ita ba, shi ma bai san ni ba. Abin da na sani shi ne, lokacin da ta zo hannuna babu maɓalli ko ɗaya da ya ɓace, kuma an taɓa ɗinke wata 'yar ɓaraka a hammatarta da zare mai kyau. Mutumin ya ji kunyata tun bai gan ni ba, kuma da irin wannan ma'auni zan auna duk rigar da zan fitar daga akwatina.