Haƙƙin Wanda Ba Za a Sake Gani Ba

A shekarar 2009 wasu matasa biyu suka buɗe wa duniya sabuwar ƙofa a intanet. Leif K-Brooks, ɗan shekara 18 a Amurka, ya kafa Omegle, wanda ya fara da hirar rubutu kafin a ƙara masa bidiyo a 2010. Andrey Ternovskiy kuwa, ɗan shekara 17 a birnin Mosko, ya kafa Chatroulette. Tsarinsu iri ɗaya ne: mutum ya kunna kyamara, a haɗa shi da wani da bai taɓa gani ba. Idan fuskar ba ta yi masa ba, sai ya danna maɓalli guda, wancan ya ɓace, wani ya bayyana.

Wannan maɓalli ya ta da wata tsohuwar tambaya: shin akwai haƙƙin da ke wuyanka game da mutumin da ka tabbata ba za ku ƙara haɗuwa ba?

Masanin falsafar Girka, Plato, ya kawo labarin wani makiyayi mai suna Gyges da ya tsinci zobe mai ɓoye mutum daga idon jama'a. Da ya ga ba mai ganinsa, sai ya kashe sarki, ya hau gadonsa. Abin da labarin ke tonawa shi ne, wataƙila yawancin ladabinmu tsoron a gane mu ne. Waɗannan manhajoji sun gwada wannan zato a kan miliyoyin mutane, domin fuska tana bayyana, amma suna da unguwa da dangi, waɗanda kunya ke jingina da su, duk a ɓoye suke. Sakamakon bai yi daɗi ba: nuna tsiraici da farautar yara ƙanana suka zama tambarin wuraren. A watan Nuwamba na 2023 aka rufe Omegle, bayan ƙarar wata matashiya da shafin ya haɗa ta da wani babban mutum tun tana 'yar shekara 11, ya kuwa ci zarafinta.

Adalci ne a faɗi cewa wasu sun amfana. A lokacin kullen annobar Korona, masu kaɗaici sun sami abokan hira, ɗalibai sun gwada harsunan da suke koyo. Sau da yawa ma mutum kan fi sakin jiki da abokin tafiya a mota fiye da ɗan'uwansa, don ya san a tasha za su rabu. Ke nan laifin bai rataya a kan baƙunta ba, ya rataya ne a kan ɗabi'ar da maɓallin ke koyarwa, wato ɗaukar ɗan Adam kamar haja a tire, a ɗaga, a duba, a ajiye. Wanda ya saba yar da fuska hamsin a dare ɗaya, da wuya wannan sabo ya tsaya a cikin waya.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Ba don a wulaƙanta shi aka faɗi haka ba, sai don a yi haƙuri da shi, a kyautata masa, tunda zamansa kaɗan ne. Gajartar haɗuwa dalili ce ta ƙara mutuntawa, domin wanda aka ɓata wa a cikin daƙiƙa goma ba za a sami damar ba shi haƙuri ba har abada. Masu ƙera manhajojin suna da nauyin tantance shekaru da kare yara. Mai amfani da su kuwa, nasa nauyin ya fara ne daga sallama kafin ya danna maɓalli.