Laifin Wa Ne, Na Kwikwiyo Ko Na Maigida?

A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ba a ajiye kare domin ado. Mafarauta suna shiga daji da shi, makiyaya suna tsaron garke da shi, manoman albasa da shinkafa na fadamar kogin Rima kuma suna bar masa gadin gida. Iyalanmu da dama sukan kawo ɗan kwikwiyo, kafin mako ya zagayo sai a ji kukansa, wai ya yi fitsari a tabarma an ɗauko masa bulala. Ya kamata mu tambayi kanmu ko wannan dukan adalci ne.

Ikkilisiya tana koya mana cewa laifi yana bukatar sani da kuma nufi. Kwikwiyo ɗan wata biyu ba shi da ko ɗaya. Mararsa ba ta yi ƙarfin riƙe fitsari na dogon lokaci ba, kuma ba ya iya haɗa dukan yanzu da ɓarnar da ya yi ɗazu. Abin da bulala take koya masa shi ne tsoron hannun maigida. Gobe sai ya ɓuya bayan rumbu ya yi abinsa, jibi kuma ya zama mai cizo.

Hanyar da take aiki sananniya ce. A fitar da shi da asuba, da bayan ya ci abinci, da duk lokacin da ya tashi daga barci, kullum zuwa wuri guda. In ya yi a can, a yaba masa nan take. In ya yi a ɗaki, a wanke wurin da sabulu don kada wari ya sake jawo shi. Wannan aikin makonni ne, wani lokaci watanni. Shi ya sa bulala take ruɗinmu, domin tana huce mana fushi cikin sauri, alhali ba ta gyara kome ba.

Wani zai ce, ai kare kare ne, kuma Allah ya ba mutum iko a kan dabbobi. Gaskiya ne. Katikisim na Ikkilisiyar Katolika na 1992, a sakin layi na 2415 zuwa 2418, ya yarda mutum ya mori dabbobi, har ya gargaɗe mu kada mu kashe musu dukiyar da ta fi dacewa da matalauta. Amma ya kuma nuna cewa wahalar da dabba ba gaira ba dalili ya saɓa wa darajar ɗan Adam. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa mai sabawa da zaluntar dabba yana iya kaiwa ga zaluntar mutum. 'Ya'yanmu kuwa suna tsaye suna kallon yadda mai ƙarfi yake yi da marar ƙarfi.

Sai dai barin duka ba izinin sakaci ba ne. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa suna ƙyamar yawun kare a tufafi, da kwanon abinci, da wurin salla. Kiristan da ya saki karensa yana shiga zauren mutane ya tauye haƙƙin maƙwabtaka, ya kuma jawo wa Ikkilisiya baƙin jini. Akwai kuma ciwon haukan kare, wanda da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum da wuya ya rayu. Idan kwikwiyo ya kai wata 3, wajibi ne a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke ciwon da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a garzaya da shi asibiti.

Saboda haka mafi yawan abin da muke kira laifin kwikwiyo, gajen haƙurinmu ne ko ragwancinmu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da gaggawa karya shi yake yi. Haka yake ga tarbiyyar yara a gidajenmu, haka kuma a ajin katikisim. Mu tuna da yawan lokutan da muke komawa wurin furta zunubi da laifi iri ɗaya, Ubangiji kuma bai gaji da karɓarmu ba. Allah ya ba mu irin wannan haƙuri ga duk abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.