WANDA YA SHA FAƊUWA YANA TASHI, MUNAFUKI NE?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Mai karɓar tuba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi, akwai wata tambaya da samari suke yawan yi mini idan an tashi daga karatu. Galibi sai sun bari jama'a ta watse sa'an nan ɗayansu ya matso ya ce: "Malam, a watan azumi ba na rasa jam'i, kullum ina karanta izu biyu, na bar kaza na bar kaza. Amma ko wata guda ba a yi da Salla ba sai ga ni na koma 'yar gidan jiya. Wannan shi ne karo na uku ko na huɗu. Anya ni ba munafuki ba ne? Ashe ba gara in haƙura ba, da in riƙa yi wa Allah alkawari ina saɓawa?"

To, idan kai ma wannan tambaya tana cin ka a zuci, sai ka natsu mu duba ta tare.

Ka sani, ba kai ka fara jin wannan tsoro ba. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah (SAW), wanda ya tuhumci kansa da munafunci. Dalilinsa kuwa, in yana gaban Manzo sai ya ji kamar yana ganin Aljanna da Wuta, in ya koma cikin iyali da gonaki sai ya manta da yawa. Sayyidina Abubakar (RA) ya ce shi ma yana jin haka. Da suka kai maganar, Manzo bai kira su munafukai ba. Ya nuna musu cewa zuciyar ɗan Adam ba ta dawwama a kan hali guda. Munafuki na gaskiya idon mutane kawai yake tsoro. In ya rasa Asuba ba wanda ya gan shi, barcinsa zai ci gaba da yi. Kai kuwa da abin ya hana ka sukuni, wannan zafin da kake ji alama ce ta cewa akwai sauran rai a zuciyarka.

Amma fa kada ka ɗauki wannan a matsayin izinin kwanciya. Abin tambaya shi ne, me mutum zai yi a ranar da ya farka ya ga ya faɗi?

A shekara ta 7 bayan Hijira, a hanyar dawowa daga Khaibar, Manzon Allah (SAW) da sahabbansa suka yada zango cikin dare. Aka sa Bilal ya yi tsaro don ya tashe su. Bilal ya yi salla iyakar iyawarsa, sa'an nan ya jingina da raƙuminsa, barci ya kwashe shi. Ba wanda ya farka sai da rana ta doke su. Duba abin da aka yi. Ba a tsaya tsine wa Bilal ba, ba a kuma ce tun da lokaci ya wuce a bari sai gobe ba. Aka ba da umarni a ja dabbobi a bar wurin, aka yi alwala, Bilal ɗin nan dai shi ya tayar da iƙama, aka yi sallar Asuba. Darasi biyu ke nan: a rama nan take, kuma a tashi daga wurin da aka yi sakaci.

Sai labarin Ka'abu ɗan Malik (RA). A shekara ta 9, lokacin yaƙin Tabuka, bai yi niyyar ƙin fita ba. Kullum cewa yake gobe zan yi shiri, har runduna ta yi nisa. Ka ga yadda "gobe" take cinye mutum. Da Manzo ya dawo, sama da mutum 80 suka zo da uzuri suna rantsuwa. Ka'abu ya ce shi ba shi da wani uzuri. Aka hana kowa magana da shi da abokansa biyu har kwana 50. A cikin wannan hali yana fita yana halartar jam'i, yana sallama ba a amsa masa. Har sarkin Gassan ya aiko masa da takarda yana kiransa ya zo a girmama shi, ya jefa ta a tanderu. Daga ƙarshe Allah Ya saukar da karɓar tubansu a Suratut Tauba, aya ta 118.

Yanzu ka auna kanka da shi. Kai ba wanda ya ƙaurace maka, amma ka daina zuwa masallacin unguwarku don kada a ce "yau kuma an tuna da mu?" Ka bar makarantar dare don kada yaran da ka fi su karatu su ga sun wuce ka. Kana kiran wannan kunya, alhali girman kai ne ya sa rigar kunya. Annabi Adamu (AS) ya saɓa, Iblis ma ya saɓa. Ɗaya ya amsa laifinsa ya koma, ɗaya ya tsaya kare kansa. Nan ne suka rabu.

Ga abin da nake yi maka nasiha da shi.

Na farko, ka koma yau. Kada ka jira Juma'a, ko sabon wata, ko azumi mai zuwa. Sallar da ke gabanka ita ce mafarinka.

Na biyu, farilla ba a yi mata ragi, amma nafila ka ɗauki abin da za ka iya riƙewa. Sau da yawa lodin da ka ɗora wa kanka shi ya kayar da kai. Abdullahi ɗan Amru (RA) ya matsa wa kansa da yawan azumi yana saurayi, da ya tsufa ya yi fatan da ya karɓi sassaucin da Manzo ya yi masa. In izu biyu ya gagare ka, riƙe sumuni ɗaya kullum, a kwana 8 ka ci izu guda. Aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Na uku, ka sa wa kanka ƙa'idar ramuwa. Nana A'isha (RA) ta ba da labari cewa in ciwo ko barci ya hana Manzo sallar dare, yakan yi raka'a 12 da rana. Wanda ya saba da ramuwa, fashin kwana ɗaya ba ya zame masa fashin wata.

Na huɗu, ka bar kwarin da barci ya kwashe ka. Ka fi kowa sanin naka. In hira ce a majalisa har ƙarfe ɗaya na dare, ko waya ce a hannu bisa shimfiɗa, to kada ka yi mamakin rasa Asuba. Ka nemi aboki ɗaya mai tsoron Allah wanda zai buga maka ƙofa, kai ma ka buga masa.

Na biyar, in akwai haƙƙin wani a kanka, bashi ne ko cin mutunci, ka mayar ko ka nemi yafiya. Istigfari kaɗai ba ya sauke wannan.

Ya ɗan'uwana, mai yiwuwa ne ka sake faɗuwa. In ta faru, ka sake tashi da niyyar gaskiya ta cewa ba za ka koma ba. Ƙofar tuba a buɗe take muddin rai bai kai maƙogwaro ba, sai dai ba ka san ranar da zai kai ba.

Allah Ya tabbatar da dugaduganmu, Ya karɓi tubanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.